Yadda Ake Zama Da Matasan Coci A Kalli Fim Tare A Auna Shi

Na daɗe ina riƙe da ajin manyan yara na Sande Sukul a cocinmu nan Sabon Garin Kano, 'yan sha uku zuwa sha tara, kuma shekarun farko faɗa kawai na yi ta yi akan fim. Duk Lahadi ku daina kallon kaza, ku daina kallon kaza, su ce toh Malam, a yi addu'a a tashi. Wata rana ina ba su labarin Yusufu, na zo daidai wurin da 'yan'uwansa suka tsaya a gabansa a Masar ya yafe musu har yana kuka, sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, Malam ai wannan ba akta ba ne, da akta ne da tuni ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gama da su. Aji ya kwashe da dariya. Ni dai jikina ya yi sanyi, don a ranar na gane akwai wani malamin da yake riga ni shiga zuciyar yaran nan, yana tare da su kullum a waya har cikin bargo, ni kuma minti arba'in gare ni a sati, kuma ya riga ya koya musu cewa yafiya ragwanci ce.

Tun daga nan na bar hani na koma zama da su muna kallo tare. Ga yadda muke yi, ko kai malamin Sande Sukul ne, ko shugaban zumuntar matasa, ko ke uwa ce da yaranki a falo.

Ka fara sanin abin da suke kallo

Kar ka zauna ka yi zato. Ka raba musu ƙananan takardu, kowa ya rubuta finafinai uku da ya kalla a watan nan, ba tare da ya sa sunansa ba, a naɗe a jefa a kwano. Maganar rashin sa suna ɗin nan ka riƙe ta da kyau, in ka ce su faɗa da baki kowa fim ɗin Yesu zai ce maka ya kalla. Ka kuma yi musu alkawari ba za ka kai wa iyaye ko Baba Fasto takardun ba, kuma ka cika.

Abin da za ka gani zai ba ka mamaki. A ajina Indiya-Hausa ce ke kan gaba, wato na Indiya da aka ɗora wa muryar Hausa, sai masu dogon zango na Kannywood a YouTube da Arewa24, sai na Koriya wurin 'yan mata, katun ɗin Japan da na jarumai masu tashi sama na Amurka wurin maza, sai na kudu jifa jifa. Ka tambaye su ta ina suke samu. Mu a zamaninmu sai ka saci jiki ka tafi silimar El Dorado ko Plaza ko Wapa, ko ka yi hayar kaset, ko ka sayo a Bata ko Ƙofar Wambai, ko ta yaya dai wani babba zai gan ka. Yanzu yaro zai miƙa memori a shagon masu turi a cika masa da ɗan canjin da bai kai kuɗin awara ba, ko abokinsa ya tura masa ta manhajar Xender daga waya zuwa waya a bayan aji, babu wanda ya gani.

Ka kalla kai kaɗai tukuna, daga farko har ƙarshe

Nan ne aikin yake, kuma nan ne da yawa suke zamewa. Ka zaɓi guda ɗaya daga cikin waɗanda suka fi fitowa a takardun, ka zauna da biro da littafi ka kalle shi duka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na taɓa yarda da maganar wani da ya ce min fim ɗin lafiya lau yake, ban duba ba na kunna a gaban yara da wata dattijuwa daga zumuntar mata, ana cikin tafiya sai ga wata rawa da ba ta dace ba, na yi ta laluben rimot. Kunyar ranar ba ta dame ni kamar yadda amanar iyayen da na yi wasa da ita ta dame ni ba.

Kana kallo kana rubuta minti. Minti kaza zuwa kaza za a tsallake, minti kaza za a tsaya a yi tambaya, minti kaza akwai maganar da jarumi ya faɗa da ta ƙunshi ma'anar fim ɗin gaba ɗaya. Kusan kowane fim yana da irin wannan maganar, yawanci dab da faɗan ƙarshe ko lokacin da wani yake bakin mutuwa, ka nemo ta ka rubuta yadda aka faɗe ta.

Ka duba alamar shekaru in akwai. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa G, PG, 12, 12A, 15 da 18. Na Amurka za ka ga G, PG, PG-13, R da NC-17. Mu a Kano akwai hukumar tace finafinai ta jiha tun 2001. Amma fa alamar nan tsiraici da jini da ashar take ƙirgawa, ba ruwanta da abin da fim yake koyarwa game da Allah ko mutum, kuma abin da aka turo a memori sau da yawa an yanke farkonsa, alamar ma ba za ka gan ta ba. In fim ɗin 18 ne ko R, ko ka ga batsa ce ginshiƙinsa, kar ka ce za ka nuna don a tattauna, ajiye shi, za ka iya magana a kansa da baki ba sai an gani ba. Zabura 101:3 ta isa hujja.

Izini da shirin wuri

Ka je wurin fasto da dattawa ka yi musu bayani kafin kowa ya ji a bakin yara. Ka faɗi sunan fim ɗin, dalilin zaɓensa, da tambayoyin da za ka yi. Wani dattijon zai ce a'a ba a kawo fim ɗin duniya harabar coci, kar ka yi gardama, in haka ne a yi a gidan wani memba mai babban falo ko tsakar gida. Iyaye kuma a sanar da su a guruf ɗin WhatsApp, da lokacin farawa da na tashi, a kuma gayyaci uwa ɗaya da uba ɗaya su zauna a ciki.

Mu Asabar muke yi, ƙarfe uku zuwa shida, don mai zuwa daga Badawa ko Birged ko Naibawa ya samu adaidaita ya isa gida da ido. Fim ɗin Indiya yakan doshi awa uku, don haka ko a raba shi Asabar biyu ko ka ɗauko wurare huɗu biyar ka cike sauran da baki, dama rabinsu sun riga sun kalla. In akwai majigi da farin bango ya yi, in babu talabijin da sifika mai ƙarfi sun wadatar. A tanadi fetur a janareto tun safe. Zoɓo da cincin ko gyaɗa, ba wani abu mai tsada ba. Wayoyi a tara su a kwali ɗaya har da taka.

Wani abu da yake ci min rai, in da hali ka nuna daga tashar masu fim ɗin ta YouTube ko inda aka biya kuɗi. Satar fasaha ta karya masu sana'ar fim da yawa a garin nan, mutane ne da iyali, ba kyau mu zauna muna zancen gaskiya da adalci a kan kayan sata.

Kafin a kunna

Addu'a gajera, sai a karanta 1 Tasalonikawa 5:21-22, inda aka ce a gwada komai, a riƙe mai kyau, a guji kowace irin mugunta. Ka nuna musu ayar ta ce a gwada, ba ta ce a haɗiye komai ba, ba ta kuma ce a rufe ido a gudu ba. Ina son in ƙara musu da Ayyukan Manzanni 17, yadda Bulus ya zaga birnin Atina yana duban abubuwan da suke yi wa sujada, ransa ya ɓaci ƙwarai, amma da ya tashi magana sai ya fara da bagaden da suka rubuta wa allahn da ba a sani ba, har a aya ta 28 ya kawo maganar mawaƙansu. Kaga mutum ne da ya san abin da mutanen garin suke ji suke rerawa, ya ɗauki gaskiyar da ke ciki ya gyara karkatar.

Sai ka ba kowa aiki. Wasu su bi jarumi, me yake so, me ya yi don ya samu. Wasu su bi bos. Wasu su lura da yadda aka nuna mata, wasu iyaye da tsofaffi, wasu kuɗi da motoci da gidaje, wasu kuma kiɗa kawai, yaushe ya yi sanyi yaushe ya yi zafi. Yaron da ya fi surutu shi nake ba kiɗa, za ka sha mamakin abin da zai gano.

Ana kallo kar ka yi ta tsayarwa, sau uku ya isa. Kuma in wurin dariya ne ka yi dariyarka, in wurin tausayi ne kar ka ɓoye. In suka ga ka zo da fuskar alƙali sun san hukuncin da za ka yanke tun kafin a fara, sai su ba ka amsar Sande Sukul su riƙe ta zuciyarsu.

Tambayoyin bayan kallo

Tambayar share fage mai sauƙi ce, ya yi daɗi? Ina ne ya fi burge ka? Ka bar su su zuba, kar ka gyara wa kowa. Sai wani ya ba da labarin a taƙaice cikin minti biyu. Daga nan a shiga ainihin aikin.

Ta farko, a duniyar fim ɗin nan mene ne ya lalace, kuma wa ya lalata? Kowane labari yana da matsala. Yawancin na faɗa za su ce maka matsalar tana wurin mutum ɗaya, bos, in aka kashe shi gari ya zauna lafiya. Sai ka tambaye su haka Littafi Mai Tsarki ya ce? Romawa 3:23 ta haɗa kowa, har da akta, har da mu masu kallo. Wata yarinya ta taɓa cewa, Malam shi ya sa nake jin daɗin fim, kullum ni ce mai gaskiya a ciki. Wannan maganar ta fi duk abin da na shirya a ranar.

Sai ta biyu, wadda ni a wurina ita ce uwar tambayoyi, wa ya kawo ceto, kuma da me? Da ƙarfin damtse? Da kuɗi? Da samun miji mai mota? Da asiri? Da wayo? A nan ne za ka ga fim ɗin da babu ko hannu da aka riƙe, kowa ya rufe jikinsa ruf, babu ashar ko ɗaya, amma daga farko har ƙarshe yana cusa wa yaro cewa wanda aka wulaƙanta maganinsa ya yi kuɗi ya dawo ya taka waɗanda suka raina shi. Iyaye sun ga babu tsiraici sun saki jiki. Ni kuwa irin wannan ya fi ba ni tsoro, don na batsa yaro da kansa ya san abin kunya ne shi ya sa yake ɓoyewa, wannan kuwa a falo ake kallonsa da kowa ana tafi. Ku buɗe Romawa 12:19-21 ku karanta a hankali, sannan Farawa 50:20, a ajiye Yusufu a gefe ɗaya akta a gefe ɗaya, ka tambaya cikin biyun wa ya yi abin da ya fi wuya. Kar ka amsa musu. Ka bar shirun ya yi tsawo ko da ya dame ka.

Ta uku, an nuna zunubi ne ko an tallata shi? Yaran suna da wayo, wani zai ce maka ai Littafi Mai Tsarki ma akwai kisa da zina a ciki. Ka ce masa gaskiyarka. Ku duba 2 Sama'ila 11, Dauda ya ɗauki matar Uriya ya kuma sa aka kashe mijin a bakin daga, ba a ɓoye komai ba, amma ba a tsaya ana ƙawata abin don ka yi sha'awa ba, surar ta rufe da cewa abin ya ɓata wa Ubangiji rai, surorin da suka biyo baya kuma ka ga yadda gidan Dauda ya yi ta girbar abin. Toh haka za a tambayi fim. Mazinacin nan ko mai safarar ƙwayar nan, da ka gama kallo ka ji tsoron zama kamarsa ne ko ka ji kana son irin rigarsa da tafiyarsa? Akwai wata dabara da masu fim suke yi, awa biyu ana nuna maka daɗin ɓarna da kiɗa mai daɗi da kyamara tana lailaya mota da jiki, sai minti biyar na ƙarshe a kama shi ko ya tuba don a ce an yi faɗakarwa. Ka sa yaran su ƙirga mintocin da kansu. A nan ne mai lura da kiɗa zai yi amfani, shi zai gaya muku lokacin da jarumi yake dukan mutum kiɗan murna aka sa, wato an gaya wa zuciyarka ta yi farin ciki kafin hankalinka ya yi tunani.

Ta huɗu, me ke da kyau a ciki? Kar ka tsallake wannan ko kaɗan. Filibiyawa 4:8 ta lissafa abin da yake gaskiya, da na girmamawa, da na adalci, da mai tsabta, da abin ƙauna, da mai kyakkyawan suna, ta ce a yi tunani a kansu, ba ta ce sai wanda Kirista ya yi ba. In jarumi ya ba da ransa don abokansa ka ce wannan ya yi kyau, ku duba Yohanna 15:13, sannan ka kai su Romawa 5:8 su ga inda Almasihu ya wuce nan, shi don masu zunubi ya mutu, ba don waɗanda suka cancanta ba. In an nuna ɗa mai jinƙan uwarsa ko aboki mai amana a yaba. In aikin kyamara ko waƙar ta yi kyau a faɗa, baiwa ce kuma mun san mai ba da ita.

Ta ƙarshe kowa zai amsa a ransa ne ko a takarda, me fim ɗin nan ya sa nake so yanzu wanda da ba na so? Ya sa na raina gidanmu? Ya sa na ji kunyar sana'ar babana? Ya sa ina kallon 'yan mata wani iri?

Kowane irin fim da inda za ka sa ido

Na Indiya sun daɗe a Kano, tun zamanin iyayenmu ake cika silima dominsu, kuma akwai dalili, kunya da girmama iyaye da auren dole da rikicin mai kuɗi da talaka duk sun yi kama da namu. Amma za ka ga ana roƙo a gaban gunki kuma a nuna roƙon ya karɓu, za ka ga wanda ya mutu an sake haifarsa ya dawo ɗaukar fansa. Ku karanta Ibraniyawa 9:27. Ka kuma ja hankalinsu kan cewa mai fassara yakan canza magana, wani lokacin ya sa sunan Allah a inda ainihin fim ɗin wani abin bauta aka kira, ko ya ƙara barkwancin da babu shi, yaro sai ya ɗauka duk ɗaya ne.

Na Kannywood, waɗanda tarihinsu ya faro nan Kano a 1990, namu ne, harshenmu ne, unguwanninmu ne ake nunawa. Yawancin masu yin su Musulmi ne kuma rayuwar gidan Musulmi suke nunawa, don haka za a ga kishiya da saki da idda da sauransu. A nan nake ƙara tsayawa, don yaranmu da maƙwabta suke tashi, aji ɗaya kasuwa ɗaya. Ban yarda wani ya yi ba'a ko ya kwaikwayi addinin wani a zaman nan ba, ko sau ɗaya. Abin da muke yi shi ne mu ce ga abin da muka haɗu a kai, biyayya ga iyaye, riƙon amana, tausayin maraya, ƙin cin haram, ga kuma inda koyarwarmu ta bambanta, sai mu buɗe Matiyu 19:4-6 kan aure. 1 Bitrus 3:15-16 ta ce mu kasance a shirye mu ba da amsa amma da tawali'u da ladabi, yaron da ya iya faɗin bambanci ba tare da zagi ba ya samu abin da zai yi masa amfani har tsufa a garin nan. Sai kuma zuwa wurin boka don mallakar miji ko raba masoya, wanda yake yawan fitowa, a tambaya fim ɗin ya nuna abin banza ne ko ya nuna yana ci.

Na Amurka, har da katun na ƙananan yara, saƙon da ya fi yawo a ciki shi ne ka bi zuciyarka, ka yarda da kanka, babu mai gaya maka ko kai wane ne, kuma sau da yawa iyaye su ne marasa fahimta sai a ƙarshe su ba yaro haƙuri. Irmiya 17:9 da Karin Magana 3:5-6 za ku ajiye kusa da wannan. Na Koriya kuma yawanci a rufe suke ba laifi, matsalar sai ka ga yarinya 'yar sha biyar ta ƙudurta a ranta cewa ƙauna ita ce saurayi mai kuɗi mai wulaƙanci wanda zai canza saboda ita. Nan matan da ke cikin zaman sun fi ni iya magana, nakan koma gefe in bar wata Mama ta karanta 1 Korantiyawa 13 da su.

Kar kuma ka ɗaga wa finafinan Kirista ƙafa. Wasu suna da kyau ƙwarai, amma akwai waɗanda awa biyu ana nuna ƙarfin mayu da aljanu da ƙungiyar asiri har yaro ya kasa fita fitsari da dare, Yesu kuma sai a minti na ƙarshe. Akwai masu nuna cewa duk wanda ya tuba sati mai zuwa zai samu kwangila da mota. Yaron da babansa mai aminci ne shekara talatin kuma har yau gidan haya suke a ɗaki biyu, me ka koya masa? Irin tambayoyin nan dai za a yi musu, a auna da Kolosiyawa 2:15 da 1 Yohanna 4:4 da 1 Timoti 6:6-10.

Su yanke hukunci da bakinsu

Mukan ƙare da kashi uku, wanda zan iya kallo da ƙanena, wanda sai da babba a kusa ko sai an tsallake wasu wurare, da wanda bai kamata in sake kusantarsa ba. Kowa ya faɗi nasa da dalili, kuma dalilin ya taɓo Nassi, ba wai kawai bai yi ba. Za a samu saɓani, ka bar shi. Romawa 14 ta koya mana cewa lamirin wani ya fi na wani rauni, abin da bai taɓa wannan ba yana iya jefa wancan cikin jaraba, don haka wanda ya ce shi ba zai kalla ba kar a kira shi ɗan ƙauye, wanda ya kalla kuma kar ya tura wa wanda ya san zai yi tuntuɓe. Kai ma ka faɗi naka a ƙarshe, a fili, ba kwana kwana. In ka ga fim ɗin guba ne ka ce guba ne, sun fi jin maganarka yanzu da suka ga ka zauna ka kalla da su.

Akwai kuma maganar yawa. Fim mai kyau ma in ya kai yarinya biyun dare tana cewa bari in ƙara kashi ɗaya, ta makara makaranta, ta yi gyangyaɗi a sujada, ta cinye kuɗin abincinta a data, ya zama ubangida. 1 Korantiyawa 6:12 ta yi maganar kada wani abu ya mallake mu. Nakan ce su rubuta awannin da suka yi a kallo na sati ɗaya, su kaɗai za su gani.

Bayan an tashi

Ka tsaya a bakin ƙofa kar ka yi saurin naɗe waya. Wanda abin ya taɓa ba zai yi magana a cikin taro ba, sai an watse zai zo yana taya ka ɗaukar benci ya ce Malam akwai wani abu a wayata da na kasa dainawa. Kar ka zaro ido, kar ka kai shi gaban coci. Ka saurara, ku yi addu'a, ku goge tare in ya yarda, ka sa ranar da za ka sake tambayarsa. In yarinya ce ka haɗa ta da matarka ko wata Mama mai riƙon sirri, kar ka zauna da ita kai kaɗai. In kuma ka ji wani babba ne yake tura wa yaro irin waɗannan abubuwan, wannan ba sirrin da za ka riƙe ba ne, iyaye da fasto su sani a ranar.

Ka tura wa iyaye tambayoyin nan a guruf don su gwada a gida ko da kan shirin da ake kallo da daddare ne. Mukan yi zaman sau ɗaya a wata, in an yi uku sai in ba manyan cikinsu biyu, mace da namiji, su zaɓi fim su kawo min in duba, su shirya tambayoyi su jagoranci zaman ni ina bencin baya. Zaman da ya biyo wannan kuma mukan ba su misali ɗaya na Yesu, Basamariye na Luka 10 ko ɗan da ya ɓata na Luka 15, su mai da shi wasan minti biyar a Kanon yau su ɗauka da waya. Yaron nan da ya ce Yusufu ba akta ba ne shi ya roƙa a ba shi uban a Luka 15, kuma da suka zo ɗauka sau huɗu yana cewa a sake wurin da uban ya sheƙa a guje ya rungume ɗan, wai gudun bai fito yadda yake so ba.